Tambaya da Amsa: An tura ni aiki Kalaba, ina zan riƙa cin abinci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a wani kamfanin shigo da kaya, kuma a Kano nake zaune da iyalina. An tura ni Kalaba zan yi mako shida a tashar jiragen ruwa, ga shi kuwa ban taɓa wuce Abuja ba ta ɓangaren kudu. Abokin aikina da ya je bara ya ce shinkafar otal da shayi da burodi ya yi ta ci har ya dawo, saboda tsoron abin da zai tarar a tukunyar mutanen gari. Ni ba na son in yi haka, domin kuɗin abincin da ake ba mu ba zai ɗauki cin otal kullum ba, sannan na sha jin ana yabon miyar mutanen Kalaba. Yaya baƙo Musulmi zai gane wurin cin abinci mai daɗi da tsafta, wanda zuciyarsa za ta kwanta da shi?

Daga wani mai karatu, Kano.

AMSA

Wa'alaikumus salam, Malam. Na ji daɗin wannan tambaya, domin garin da aka tura ka yana cikin garuruwan da suka fi ko'ina suna wajen girki a Najeriya, har ma za ka ga masu gidajen abinci a Abuja da Legas suna rubuta sunan Kalaba a allonsu don su jawo masu saye. Zai zama asara a ce mutum ya yi mako shida a can bai ɗanɗana komai ba sai shinkafar otal. Tsoron abokin aikinka yana da dalili, kuma zan zo kansa, amma tambaya ce maganinsa, ba ƙauracewa ba.

Ranar da ka sauka, ka nufi Bogobiri. Unguwar Hausawa ce da ta daɗe a tsakiyar gari, ba nisa da kasuwar Watt, akwai masallaci, akwai masu canjin kuɗi, akwai masu shayi da masu tuwo, kuma tsiren wurin ya yi suna har 'yan gari ma da yamma can suke zuwa saye. Duk direban tasi ko mai adaidaita sahu ya san wurin. A nan za ka ci abincin da cikinka ya saba da shi a kwana biyun farko, kafin jikinka ya saba da zafin garin da laimarsa. Sai dai amfanin Bogobiri a wurinka ya wuce tuwo. Akwai mutanen da aka haifa a can, suna jin Hausa suna jin yaren Efik, sun san wace mai abinci ce take sayen nama a hannun mahautan Musulmi, wace ce kuma kifi kaɗai take dafawa. Bayan sallar Magariba ka tsaya ku gaisa da dattawan masallaci, ka gaya musu inda kake aiki da inda ka sauka, za ka tashi da sunan wuri biyu ko uku. Da ɗan gari akan ci gari.

A wurin aiki kuma akwai wata dabarar tambaya da na koya bayan na sha yin kuskure. Idan ka ce wa mutum, "Ina ne ake sayar da abinci mai kyau?" zai dubi rigarka da katin da ke wuyanka, ya tura ka wani babban wuri mai na'urar sanyaya ɗaki a titin Marian, inda kwano ɗaya zai cinye maka kuɗin abincin yini biyu. Ba ya nufinka da sharri, girmama baƙo ne yake yi. Amma idan ka ce masa, "Kai a ina kake cin na rana?" amsar takan bambanta. Direbobin kamfani da masu gadi da ma'aikatan da ke fitar da kaya daga tasha su ne suka fi sanin wannan, saboda kullum a waje suke ci kuma da kuɗin aljihunsu. Idan mutum uku da ba su haɗa baki ba suka ambaci wuri ɗaya, to ka je. Taswirar wayarka za ta taimaka maka wajen gane hanya, amma yawancin bukkokin abincin da suka fi iya miya ba su cikinta, wasu ma ko allo ba su da shi, da sunan matar da ke girkin ake kiransu.

Lokacin zuwa yana da muhimmanci ƙwarai. Irin waɗannan wurare da safe suke ɗora tukunya, daga sha biyu zuwa ƙarfe biyu na rana ne cinikinsu, kuma a lokacin ne miya take da zafinta na sauka daga wuta. Na taɓa makara a wurin aiki har wajen ƙarfe biyar, na shiga wata rumfa da ba kowa a ciki, aka kankaro mini ƙasan tukunya mai ɗumi-ɗumi na ci saboda yunwa. Kwana biyu na yi ina fama da ciki. A gari mai zafi da laima irin Kalaba, miyar da ke da kifi da kayan ruwa ba ta jure zama. Saboda haka idan ka ga wuri cike da ma'aikata da tsakar rana, ana ta juye tukunya ana ɗora wata, wannan cikar ita ce shaidar farko. Sai ka dubi sauran abubuwa da idonka: ko tukwanen a rufe suke, ko tururi na tashi idan an buɗe, ko ruwan wanke kwanuka ana sauya shi, ko an ajiye sabulu kusa da ruwan wanke hannu, ko mai karɓar kuɗi ita ce take kama teba da hannu. Ruwan sha kuwa ka tsaya kan na gora wanda kai ne za ka ɓalle murfinsa.

Yanzu ga batun da ya tsorata abokinka. Gaskiya ne a Kalaba da jihar Akwa Ibom akwai masu cin naman kare, kuma laƙabinsa a can shi ne 404, sunan tsohuwar motar Peugeot. Da yaren Efik kare shi ne ebua. Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne ba a ɓoye shi. Nama ne da masu son sa suke nema da sunansa, ana sayar da shi a wurare na musamman, galibi tare da bammi ko giya, kuma sukan rubuta lambar a allo don masu nema su gani. Haka naman alade da naman daji. Idan ka ga 404 a ƙofa, ko ka ga wurin ya fi kama da mashaya, sai ka wuce. A sauran gidajen abinci kuma ka yi tambaya kai tsaye kafin a zuba maka, ka ce kai Musulmi ne, wane nama ne a cikin miyar, kuma ko ana dafa alade a gidan. Matan da ke sayar da abinci a can sun saba da baƙi daga Arewa. Na tuna wata dattijuwa da na yi wa wannan tambayar, ba ta ce komai ba sai ta kama hannun rigata ta kai ni bayan teburin da take sayar da abinci, ta buɗe tukwane huɗu ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga ludayi tana nuna mini, wannan akuya, wannan ganda da busasshen kifi, wannan kifi zalla. Daga ranar wurinta nake ci. Batun yankan wanda ba Musulmi ba kuwa, malamai sun yi bayani mai faɗi a kansa, ka tambayi malamin da kake bi kafin ka tashi, domin ka tafi da matsaya ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka karkata ga kifi, wanda ake kira iyak. Kalaba tana tsakanin koguna biyu, kogin Kalaba da kogin Great Kwa, kusa da inda ruwansu ke gangarawa teku, saboda haka kifi da ƙaguwa da jatan lande ba sa yankewa. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta abincin teku, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi a nan halascin bai tsaya kan kifi kaɗai ba. Ka fara da miyar masunta, wadda ake yi da ɗanyen kifi da ƙaguwa da jatan lande da manja, ko kuma farfesun kifi da dafaffiyar agada. Da yamma akwai masu gasa kifi a bakin titi, inda za ka zaɓi kifinka tun yana ɗanye. Ka dubi idonsa, na sabon kamu yana sheƙi bai dusashe ba, ka sa a ɗaga murfin kunnensa ka ga ja ne a ciki, ka danna jikinsa da yatsa ka ga tsokar ta dawo. A yi ciniki kafin a ɗora shi a wuta.

Bayan ka saba sai ka matsa ga manyan miyoyin garin. Edikang ikong miyar ganye ce mai kauri, ta ganyen ugu da alayyafon ruwa, ba a tsinka ta da ruwa, kuma akan cika ta da nama da busasshen kifi. Afang ta samo sunanta daga wani ganye mai tauri da ake yankawa siri-siri a daka, Ibo suna ce masa okazi. Ekpang nkukwo kuwa gwaza ce ake gogawa a naɗe ta ƙanana-ƙanana cikin ɗanyen ganye a dafa da manja, aikinta yana da yawa, don haka ba kullum ake samunta ba, kuma duk gidan da ya iya ta to ya iya sauran. Da teba ko fufu ko sakwara ake cin miyoyin. Idan warin fufu bai yi maka ba, ka nemi sakwara. Tunda waɗannan miyoyin sukan haɗa nama iri-iri a tukunya ɗaya, a kansu ne tambayar da na ambata ta fi zama dole. Za ka kuma tarar da wasu ƙananan dodon koɗi na ruwa, baƙaƙe masu tsini, suna kiran su mfi. An riga an datse musu gindi, sai mutum ya sa bakin kwanson a leɓe ya zuƙo naman, ya ajiye kwanson a gefen kwano. Ranar farko na yi ta kallon maƙwabcina a benci kafin na gane yadda ake yi.

Gargaɗi ɗaya na lafiya: akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar ƙaguwa da jatan lande, kuma wanda ya tashi nesa da teku yana iya zama bai san yana cikinsu ba. Ka fara da kaɗan. Idan ka ji ƙaiƙayi a baki, ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi maka nauyi, ka daina ci nan take ka nufi asibiti, kada ka tsaya jiran ya wuce. Ka sani kuma dakakken jatan lande yana cikin kusan kowace miya a can kamar yadda daddawa take a tamu, ko da ba ka gan shi da ido ba.

Ba ka faɗi watan da za ka tafi ba. Idan da damina ne, ruwan Kalaba ba irin na Kano ba ne, yana iya wuni yana zuba, musamman a Yuli da Agusta, don haka ka samu wuri ɗaya kusa da masaukinka wanda za ka iya zuwa da ƙafa, ka karɓi lambar wayar mai abincin don ta ajiye maka. Idan kuma Disamba ne, bikin Carnival, wato bikin kiɗa da rawa a kan tituna da aka fara a shekarar 2004, yana cika garin da baƙi, farashin masauki da na abinci yana hawa, ana kuma rufe wasu manyan tituna a ranakun jerin gwano. Game da kuɗin kamfani, yawancin bukkokin abinci ba su ba da rasit. Ka tambayi ofishin kuɗinku tun kana Kano ko kuɗin abincin a dunƙule yake ko sai da takarda. Idan sai da takarda ne, ka biya ta waya inda ake karɓa, ka ajiye shaidar turawar.

In ka sami wurin da ya yi maka, ka riƙe shi, ka riƙa zuwa a lokaci ɗaya kullum, ka kuma koyi cewa sosongo, wato na gode. Cikin mako guda mai abincin za ta san ba ka cin wane nama, za ta san yawan yajin da kake so, kuma za ta gaya maka ranar da za ta yi ekpang don ka zo da wuri. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, Malam, kuma idan ka dawo ka rubuto mana abin da ka tarar.