Tambaya da Amsa: Na ajiye maganin damuwa, zan iya komawa kansa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likitocinmu. An ɗora ni a kan sertraline, miligiram 100 kullum, saboda ciwon damuwa. Bayan wata huɗu na ji sauƙi sosai, a gida kuma ana ta ce mini zan zama 'yar ƙwaya, sai na ajiye shi. Yau wata biyu ke nan. Yanzu barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya shiga, ga kuka ba dalili. Ina da ragowar kati biyu a durowa. In ci gaba da sha yadda nake sha a da?
Daga wata 'yar'uwa a Pantami, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Za ki iya komawa kan maganin, kuma sau da yawa wanda ya yi wa mutum aiki a baya shi ake fara maido masa. Amma kada ki faro daga miligiram 100 ɗin nan.

Ga dalili. Sertraline ba ya daɗewa a jiki: kusan kowane yini guda rabin abin da ke cikin jini yake fita, cikin mako guda ya tafi kusan duka. Bayan wata biyu jikinki ya koma kamar na wadda ba ta taɓa sha ba. Idan kika watsa masa 100 lokaci guda, abin da yakan biyo baya shi ne tashin zuciya, gudawa, ciwon kai, faɗuwar gaba da rashin natsuwa, har mutum ya ce maganin ya daina karɓarsa ya sake jefar da shi. Yawanci ana farowa daga 50 sau ɗaya a yini, ga mai yawan fargaba ma daga 25 na mako guda, sannan a riƙa ƙarawa, ba a ƙasa da mako guda tsakanin ƙari da ƙari ba. Ki sha da abinci a lokaci ɗaya kullum. Tashin zuciyar farko yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu, amfanin kuwa sai mako biyu zuwa huɗu yake fara bayyana, wani lokaci har shida. Barci da cin abinci sukan riga walwala dawowa.

Muna roƙonki kada ki yanke wannan ke kaɗai. Ki ɗauki katin biyu ki koma wurin wanda ya rubuta miki, ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. A duba ranar lalacewar maganin, sannan ki amsa tambayoyin da za a yi miki tsakani da Allah. Kina da juna biyu ko kina shayarwa? Ba wai lallai a hana ki magani ba ne, amma zaɓin yakan canza. Kin taɓa yin kwanaki ba barci kuma ba gajiya, ga surutu, ga kashe kuɗi barkatai? In haka ta taɓa faruwa, yana iya zama wani ciwon ne daban, kuma maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar da shi.

Sai batun abin da ake saya a kemis. Tramadol da sertraline ba sa haɗuwa. Dukansu suna ƙara serotonin, wani sinadari da ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, in ya yi yawa sai zufa, makyarkyata, zazzaɓi, fizgar tsoka da ruɗewa, wani har da farfaɗiya. Wannan na gaggawa ne, asibiti kai tsaye. Diclofenac da ibuprofen kuma, in aka daɗe ana haɗa su da shi, suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki, musamman ga mai gyambon ciki.

Akwai maganar da ba za mu tsallake ba. A makonnin farko wasu, musamman 'yan ƙasa da shekara 25, tunanin cutar da kansu yakan ƙaru kafin sauƙi ya zo. Ki sami mutum ɗaya a gida da kika yarda da shi, ki gaya masa kin koma kan magani. Ki koma ganin likita cikin mako ɗaya zuwa biyu. In tunanin mutuwa ya zo miki, ko yanzu ma, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki tafi a ranar.

Maganar zama 'yar ƙwaya kuwa, mutanen gida sun faɗe ta ne don tsoro, amma ba haka abin yake ba. Wannan magani ba ya bugarwa, ba ya sa ƙishirwarsa irin ta kodin ko tramadol. Abin da ya faru shi ne kin tsaya da wuri. Ƙa'ida ita ce a ci gaba aƙalla wata shida bayan an warke, wanda ciwon ya sha dawo masa kuma shekara biyu ko fiye. In lokacin dainawa ya yi, a hankali ake ragewa cikin makonni ko watanni.

TAMBAYA: Ina shan amitriptyline miligiram 75 da dare saboda ciwon damuwa. Ya ƙare mini kwana huɗu da suka wuce, ban samu na sayo ba. Ga jiri, ga tashin zuciya, ga munanan mafarkai, jikina kamar mai mura. Ciwon ne ya dawo?
Daga wani mai karatu a Kumo.

AMSA: Malam, da wuya a ce ciwon ne. Wannan ya fi kama da alamun yanke magani farat ɗaya. Su sukan zo cikin kwana biyu zuwa biyar, kuma a jiki ake jin su: jiri, zufa, tashin zuciya, wasu har su ji kamar lantarki na fizgarsu a ka. Da an maido maganin sukan lafa cikin 'yan kwanaki. Dawowar ciwon damuwa kuwa sannu a hankali take zuwa, bayan makonni ko watanni, da irin baƙin cikin da ka sani tun farko.

Wanda ya tsallake kwana ɗaya ko biyu yakan ci gaba da adadinsa kawai, ba tare da ninkawa don rama na baya ba. Kai da ka tsallake kwana huɗu kana kan miligiram 75 kuwa, ka tuntuɓi likita ko mai harhaɗa magani yau ɗin nan. Yana iya ce maka ka fara da 25 ko 50 na 'yan darare, domin amitriptyline yana saukar da hawan jini idan an miƙe tsaye, yana kawo bushewar baki da nauyin barci. Yawansa kuma yana taɓa bugun zuciya har ya yi kisa, don haka a kulle shi inda yara ba sa kaiwa.

Tun da alamun nan suna kama da zazzaɓin cizon sauro, kada ka ruga kemis ka sayi Coartem. A yi gwajin jini tukuna. In ya tabbata zazzaɓin ne, ka faɗa musu kana shan amitriptyline, domin ba a so a haɗa su biyun saboda zuciya, za a zaɓa maka wanda ya dace. Nan gaba kuma ka riƙa sayo sabo tun da sauran na mako guda a hannunka.