Amsa: Jiragen dakon mai da tekun tarayya

Malam, ka tambaya me ya hana a rufe wa jiragen dakon mai tekun da ƙasashe ke tarayya a kansa. Ai ba zai yiwu ba, ɗanyen man Najeriya ma ta jirgi yake fita daga tashar Bonny a jihar Ribas.

Matsalar dai, mai bai san iyaka ba. Kamar a zuba baƙin mai a gulbin Rima nan Sakkwato, masuntan Argungu su kwashi mataccen kifi. A 2002 jirgin Prestige ya karye kusa da Sifen, malalar ta kai gaɓar Faransa. Wannan ya hanzarta kawar da jirage masu bango ɗaya tsakanin mai da ruwan teku ƙarƙashin MARPOL, yarjejeniyar ƙasashe ta hana jirage gurɓata teku. Ni abin da ya fi damuna shi ne masu wanke tankin jirgi su zubar da dattin a teku cikin dare, babu mai sintiri.