Tambaya da Amsa: Shagon da babu kaya a cikinsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan jari da na daɗe ina tarawa, ina so in buɗe shagon kayan adon ɗaki a intanet. Ƙawata ta ce kada in sayi kaya ko ɗaya, in yi abin da ake ce wa durofshifin: in sa hotuna, duk wanda ya saya in tura wa mai kaya oda shi ya aika masa. Ƙanena kuma ya ce gara in nemi shiga kasuwar intanet irin wadda ake tantance masu sayarwa kafin a karɓe su. Wanne ya fi? Kuma da gaske ne na farkon ba a asara a cikinsa? — Wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙawarki ta faɗa miki gaskiya, amma rabinta ta faɗa. Ba za ki kama hayar sito ba, kuɗinki kuma ba zai kwanta a kayan da suka ƙi tafiya ba. Mai saye ya biya ki, ke ki biya mai kaya farashin sari, abin da ya rage naki ne. Wannan ciniki ya bunƙasa ne bayan Shopify, wanda aka kafa a Kanada a 2006, ya sauƙaƙa buɗe shago, sannan AliExpress, kasuwar intanet ta China, ya zo a 2010 da kayan da za a iya saye ɗaya-ɗaya.

Rabin da ba ta faɗa miki ba shi ne mai saye bai san mai kaya ba, ke ya sani. In fitila ta iso bayan mako uku a fashe, ko launin labule ya saɓa da na hoto, ke za a kira, ke za ki mayar da kuɗi, alhali ko sau ɗaya ba ki taɓa kayan da hannunki ba. In kika yi jinkiri, ya kai ƙara bankinsa a zare kuɗin daga asusunki. A Tarayyar Turai ma doka ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya fasa ciniki ba tare da ya faɗi dalili ba. Wannan ne ya fi damuna da yadda ake tallata sana'ar ga masu ƙaramin jari: ana nuna musu an sauke musu nauyin kaya, ba a gaya musu nauyin amana yana nan a wuyansu.

Ribar ma siririya ce. Hoton da kika ɗauko, kowa yana iya ɗaukowa, don haka sai kin biya talla a Facebook ko Instagram kafin a gan ki. A ce kin sayar da abu a 100, sari da aikawa sun ci 55, talla 25, kamfanin karɓar kuɗi 5. Saura 15. Kaya ɗaya da ya lalace aka mayar da kuɗinsa zai cinye ribar ciniki biyar ko shida. Ga kuma haraji: Tarayyar Turai ta soke yafe harajin kayan da ake shigowa da su daga waje waɗanda ba su wuce yuro 22 ba a ranar 1 ga Yuli, 2021, Amurka kuma ta soke sassaucinta na kayan da ba su wuce dala 800 ba a 2025.

Ki dubi Zappos, shagon takalma na Amurka. Nick Swinmurn ya fara shi a 1999 yana ɗaukar hotunan takalma a kantuna, sai an yi oda ya je ya sayo. Dabara ce mai kyau ta gwada kasuwa. Amma a 2003 shugaban kamfanin, Tony Hsieh, ya daina barin masu kaya su aika da kansu, duk da hanyar tana kawo kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cinikinsu, domin ba su iya cika alkawari a kan kayan da ba sa hannunsu. Amazon ya saye kamfanin a 2009. Wayfair, mai kayan ɗaki, har yanzu yana cin moriyar wannan tsari, amma bisa yarjejeniya da masu kaya da ya sani, yana kuma ganin abin da ke cikin sitonsu.

Shawarar ƙanenki wani abu ne daban. Kasuwa mai tantancewa zaɓi take sayarwa: mai saye yana shiga da nutsuwa don ya san an tace masa. Target Plus, kasuwar intanet ta kantunan Target na Amurka da aka buɗe a 2019, da gayyata aka fara shigarta. Etsy, wata kasuwar intanet da ke nan tun 2005, ƙofarta ta fi faɗi amma tana da sharaɗi, tana neman aikin hannu ko abin da kika zana da kanki ko tsohon kaya da ya kai shekara 20. A irin waɗannan wurare za ki tarar da masu saye suna jira. Sai dai masu sayen na kasuwar ne, ba naki ba, kuma ita ke yanka kasonta. A Afrilun 2022 Etsy ta ɗaga nata daga kashi 5 zuwa 6.5 cikin ɗari, masu sayarwa suka yi yajin aiki na mako guda, ƙarin bai janye ba.

Kin ga ke nan ba za ki kwaso hotunan AliExpress ki kai irin wannan kasuwa ba. Sai kina da abin da yake naki.

Ni dai da ke ce, da na farkon zan fara, a matsayin gwaji kawai. Ki zaɓi kaya kaɗan daga mai kaya ɗaya ko biyu. Kafin ki sa hoton komai, ki yi odarsa zuwa gidanki, ki ga kwana nawa ya yi a hanya da yadda aka naɗe shi, ki ɗauki hotonki da kanki. Ku rubuta da mai kayan wa zai ɗauki asarar abin da ya fashe. Ki rubuta wa masu saye ainihin ranar isowa ko da za ta kore wasu. Ki ware wani kaso na jarinki don mayar da kuɗi, kada talla ta taɓa shi. Kayan da kika ga yana fita wata bayan wata ba a dawo da shi, shi za ki sara ki ajiye a hannunki, ki sa masa sunanki, da shi kuma za ki nemi shiga kasuwar da ƙanenki yake magana. Allah ya sa albarka.