Makirfo na jan leɓen mawaƙinmu, wanne zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke ɗaukar kiɗan wasu makaɗan kalangu a Talata Mafara, galibi a wajen biki, da janareto. Ina da ƙaramar mikisa mai layi huɗu da kwamfuta. Makirfon da muke haya yana ƙugi, kuma sau biyu yana jan mawaƙinmu a leɓe, har ya ce ba zai ƙara riƙe shi ba. Wani mai shago a Gusau ya ce in sayi makirfo irin wanda ake kira kwandansa, wai ita ba ta ja. Kuɗina ba su da yawa. Me zan fara saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Maganar saye ita ce mai sauƙi, bari mu sallame ta.

Makirfo irin wanda ake kira dainamik za ka saya. Idan aljihu ya yarda, Shure SM58 ga mawaƙi, SM57 ga kalangu. Na farko tun 1966, na biyu tun 1965 suke kasuwa, kuma har yau ba su tsoron ƙarar ganga ko faɗuwa ƙasa. Sai dai jabunsu sun cika shaguna, in ka ji araha ta yi yawa ka ajiye. Gara ka ɗauki Behringer XM8500 guda uku na gaske da SM58 ɗaya na jabu: ɗaya ga mawaƙi, ɗaya ga 'yan amshi, ɗaya a kan sanda kamar taƙi biyu daga fatar kalangu. Ka roƙi makaɗin ya rage yawo. Kwandansa kuwa kunnenta ya cika kaifi ga filin biki. Za ta kwaso maka janareto da babura da guɗar mata, ga shi ba ta shiri da ƙurar hunturu.

Amma abin da ya tayar min da hankali shi ne jan nan, da kuma maganar mai shagon.

Makirfo dainamik ba ya cin wuta ko kaɗan, to daga ina zai samo wadda zai ja mutum? Jikinsa ƙarfe ne, yana haɗe da jikin mikisa ta wayarsa da ake kira XLR. Wutar da ta yoyo a mikisa ko amfilifaya, idan ba ta sami wayar at da za ta bi ta shige ƙasa ba, sai ta bi leɓen mawaƙinka. Ka sa kwandansa, ka sa na zinariya, ja ɗaya ne. Wuta mai ƙarfin bolt 230 ce muke magana a kanta, a kan mutumin da ya jiƙe da zufa, wataƙila ma ya tuɓe takalmi a kan tabarma.

Ka je ka duba filogin kayan hayar nan. Ba zan yi mamaki ba in ka tarar an karya ƙafar sama, doguwar nan ta uku. Kusan kullum sai an kawo min irinsa. Lasifika ta fara ƙugi, a kira wani mai sukundireba a aljihu wanda ke amsa sunan injiniya, ya fizge ƙafar at da filaya, ƙugi ya ɗauke, a tafa masa, a ba shi na goro. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ƙugin ya tafi, amma ya tafi da abin da ke tsakanin mawaƙi da makara. Wasu kuma su sa wa makirfo safa ko hankici, su ce ɗan ja ne kawai, ai an saba. An saba da me? A 1972 Les Harvey, wani makaɗin jita, ya taɓa makirfon da ba shi da at a kan dandamali a garin Suwansi na Birtaniya, a gaban 'yan kallo ya faɗi ya mutu. Mawaƙinka da ya ƙi riƙe abin nan ya fi ku duka gaskiya, kada ka lallashe shi.

Kafin ka kashe ko kwabo a kan makirfo, ka nemo mai wayarin na ƙwarai, ya mayar da filogi mai ƙafa uku, ya kafa ƙarfen at a ƙasa ya haɗa shi da janareto, ya sa maka abin yanke wuta na RCD mai miliyam 30, ya kuma gwada shi a gabanka ka ga ya yanke. Idan ja ya ci gaba bayan haka, mikisar ko amfilifayar ce ke yoyo, a kai ta gyara.

Shi kuwa ƙugi maganinsa daban. Ka jona mikisa da lasifika da kwamfuta a soket ɗaya, ka raba wayar makirfo da wayar wuta kada su kwanta tare, ka zare cajar kwamfuta ka ɗauka da batir. In bai tafi ba, ka sayi ɗan akwatin da ake kira DI, wanda wayar sauti ke ratsawa ta cikinsa, ka sa tsakanin kwamfuta da mikisa. Maɓallinsa na ɗage at, at ɗin layin sauti kaɗai yake yankewa, ba ya taɓa na wuta. Kuɗin wannan aiki ka fara cirewa, abin da ya rage ka sayi makirfo ko da biyu ne, na ukun ya jira bikin gaba.