Hukuncin Likita Ya Ajiye Aikin Asibiti Ya Shiga Siyasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni likita ne, ina ƙarin karatu a Penang ta ƙasar Malesiya, kuma a nan na ji labarin Tun Dakta Awang Hassan, likitan da ya bar asibiti ya shiga siyasa har ya zama gwamnan wannan jiha. Mutanen garinmu suna matsa mini in tsaya takara idan na dawo. Shin abin da ya yi ya halatta, kuma zan iya bin sawunsa?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Mutumin da ka ambata an haife shi a Muar ta jihar Johor a 1910, ya karanta likitanci a Kwalejin Sarki Edward na Bakwai da ke Singafo, ya yi aikin likita shekaru masu yawa, daga baya ya zama ɗan majalisar tarayya, sannan jakadan ƙasarsa a Ostireliya, kafin ya riƙe gwamnan Penang daga 1981 zuwa 1989. Ya rasu a 1998, Allah ya gafarta masa. Ba za mu yanke hukunci a kan niyyarsa ba, domin wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, amma tafarkin da ya bi yana da fuskoki biyu da ya kamata ka rarrabe.

Gwamnancin da ya yi ba irin wanda muka saba da shi ba ne. Penang tana cikin jihohi huɗu da ba su da sarkin gado, tare da Melaka da Sabah da Sarawak, kuma sarkin ƙasa ne yake naɗa musu gwamna, ba a fita yaƙin neman zaɓe a kansa. Ragamar mulki tana hannun babban ministan jiha, wanda a zamaninsa Lim Chong Eu ne, shi ma likita. Saboda haka wannan muƙami ya fi kusa da abin da Annabi (SAW) ya faɗa wa Abdurrahman ɗan Samura a hadisin Bukhari da Muslim, cewa kada ya nemi shugabanci, domin wanda aka ba shi ba tare da roƙo ba za a taimake shi a kansa, wanda kuwa ya roƙa za a bar shi da shi. Kujerar majalisa ita ce ta yi kama da taka, domin ita ake nema. Malamai sun halatta irin wannan nema ga wanda ya san yana da ƙarfi da amana, suna kafa hujja da maganar Annabi Yusuf (AS) a aya ta 55 ta surarsa, inda ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa. Wanda kuwa ya san rauninsa, to hadisin Abu Zarri da Muslim ya ruwaito ya ishe shi, inda aka hana shi shugabanci saboda rauni duk da girman matsayinsa.

Abin da na fi ba wa nauyi shi ne marasa lafiyar da za ka bari a baya, kuma a nan ne masu tambaya kan yi sakaci. Likitanci farilla ce ta kifaya, wato wajibin da idan wasu suka tsaya da shi ya faɗi a kan sauran, kamar yadda Imamu Gazali ya bayyana a Ihya'u Ulumiddin, har ya yi kukan garuruwan da suka cika da malaman fiƙihu amma babu likita Musulmi ko ɗaya. Farillar kifaya kuwa takan koma ta aini, wato wajibi a kan mutum shi da kansa, idan babu wanda zai tsaya a madadinsa. Idan kai kaɗai ne mai wannan ƙwarewa a yankinku, ta yadda tafiyarka za ta sa mai naƙuda ko mai buƙatar tiyata ya rasa inda zai dosa, bai halatta ka tafi ba sai ka samar da magaji. Idan kuwa akwai waɗanda za su wadatar, takararka halal ce, tana ma iya zama abin so idan ta hanyarta za ka gyara asibitocin da ka san ciwonsu daga ciki.

Haka nan idan gwamnati ko wata hukuma ce ta ɗauki nauyin karatunka bisa sharaɗin ka yi mata aiki na wasu shekaru, cika wannan alkawari wajibi ne, kuma yana gaba da kiran mutanen garinku. Ka sauke shi tukuna, ka yi istihara, ka shawarci abokan aikinka waɗanda za su gaya maka gaskiyar giɓin da za ka bari.

Wallahu a'alam.