Amsa: Me zan duba a rahoton wata na shafina na intanet?

Malam, ka ce masu kula da shafin shagonka na Ƙofar Ƙaura suna turo rahoto duk wata amma ba ka gane kansa. Fara duba tsawon lokacin da shafin ya yi yana aiki. Kashi 99.9 na nufin ya tsaya kusan minti 43 a wata. Kashi 99 kuwa awa 7 ne da ɗoriya, kada lambar ta ruɗe ka.

Sai ranar da suka ajiye kwafin shafin na ƙarshe, wato wanda za a dawo da shafin da shi idan ya lalace. Na taɓa ganin rahoto ya ce an ajiye, da shafin ya lalace aka buɗe kwafin, ashe fanko ne. Ka ce su gwada dawo da shi a gabanka, ko sau ɗaya.