Ɗana, Ga Amsar Tambayarka Kan Gangar Gidanmu

Assalamu alaikum. Ɗana, saƙonka ya iso, an karanta mini shi daga waya na saurara da kyau. Ka ce a bakin gwaggonka ka ji cewa kakanka makaɗi ne, abin da babu wanda ya taɓa faɗa maka. Ka kuma ce kai da taubasanka kuna so ku haɗu ku yi wa ƙanwarka kiɗa ranar bikinta, kana tambaya ko al'ada ta yarda 'yan uwa su taru su yi kiɗa, ko kuwa abin kunya ne za ku jawo wa gida. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, don na daɗe ina jiran wani daga cikinku ya yi ta.

Gwaggonka ba ta yi ƙarya ba. Kakanka makaɗin noma ne, shi ma a hannun mahaifinsa ya tarar da gangar. In damina ta kankama aka kira gayya, manoma su jeru a bakin kunya kowa da hauyarsa, shi yana biye da su a baya da gangar noma rataye a kafaɗa. Kowane ƙaƙƙarfan manomi yana da takensa, kuma ya san shi kamar yadda ya san sunansa. Da zarar an kaɗa taken mutum za ka ga ya sunkuya ya bar sauran a baya. Ba a biyan makaɗi a ranar. Sai kaka ta yi, wannan ya aiko da damin gero, wancan da dawa, sarkin noma kuwa har riga yakan ba shi. Da wannan hatsi aka ciyar da ni da mahaifinka.

A wancan zamani kusan kowace sana'a tana da makaɗanta. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, 'yan dambe suna da nasu masu kalangun irin su Ɗan Anace. Fada kuma ita ce mai tambari da kakaki da algaita da taushi da kotso, kuma ba kowa ake busa wa kakaki ba sai sarki. Duk waɗannan gidaje ne ke riƙe da su, ɗa ya karɓa daga uba, kamar dai ƙira da jima da wanzanci. Saboda haka tambayar ko 'yan uwa suna kiɗa tare, da kakanka ka yi wa ita, da ya yi mamaki, don bai san wani kiɗa ba sai na tare da 'yan uwa. Mai amsa masa ƙanensa ne, mai kazagi ɗansa ne, mai ɗaukar kaya ɗan ƙanwarsa ne.

Amma akwai abin da nake so ka fahimta tun kafin ku sayi ko da sandar kiɗa guda. A gidan gado ba a farawa daga sama. Yaro yakan fara da ɗaukar ganga a bayan manya, ya koyi shanya ta a rana don fata ta ɗame, ya koyi ɓoye ta daga raɓa da ɓera. Yana gani ana jiƙa fatar akuya, ana kankare gashin, ana ɗaure ta a kan kango, wato itacen jikin gangar. Bayan nan sai a miƙa masa kazagi, ƙaramar gangar nan da ake bugawa da bulala biyu, wadda ba ta da wani aiki sai riƙe amo ɗaya tun daga fari har ƙarshe. Yara suna raina ta, alhali ita ce ke koya wa hannu haƙuri. Wanda ya kasa riƙe kazagi ba tare da ya yi sauri ko ya ja baya ba, ba za a taɓa ba shi babbar ganga ba, ko shi ne ɗan fari. Daga nan sai amshi. Zai daɗe yana amshi kafin a yarda ya ɗora ko ɗa guda, wato baiti, a waƙa, kuma a cikin amshin ne yake haddace takensu wane da asalinsu wane, ya san wanda ake kira da sunan kakansa da wanda in an ambaci garinsu ransa zai yi fari. Babu allo, babu takarda. Kunne ne kawai da ido, da kuma harara guda daga uba in ka kuskure.

Dubi Musa Ɗanƙwairo, wanda duk ƙasar Hausa ta san muryarsa. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin noma ne a ƙasar Bakura, irin kakanka. A bayansa Ɗanƙwairo ya fara amshi, sannan ya zauna ƙarƙashin wansa Abdu Kurna yana daudun kiɗa, wato mai bi wa shugaba, kafin ya tsaya da ƙafarsa ya zama mawaƙin sarakuna da kotso. Da ya rasu a 1991 kotson bai mutu ba, 'ya'yansa da suka yi masa amshi suka ci gaba. Haka Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri ya tashi a gindin mahaifinsa Aliyu Ɗandawo. In ka saurari tsofaffin faya-fayan mutanen nan, kada ka tsaya kan muryar shugaba kaɗai. Ka kasa kunne ga 'yan amshi, ka ji yadda suke karɓe magana tun kafin ta gama fita daga bakinsa, wani lokaci su ƙarasa masa ita. Wannan ba ya samuwa da gwajin mako guda. Mutanen da suka ci tuwo a akushi ɗaya tun suna yara, muryoyinsu ma sukan ɗauki kama, kuma ɗaga gira kawai ya ishe su su san za a sauya.

Kada ka ɗauka komai daɗi ne. Inda kuɗi ya shiga tsakanin 'yan uwa akwai haɗari. Shugaba shi ke rabo bayan an tashi daga wasa, kowa gwargwadon matsayinsa, kuma na ga gidajen makaɗa da suka watse a kan riga guda da aka ba wannan aka hana wancan. Na ga inda uba ya rasu, wa da ƙane kowa ya ce shi ne magaji, aka raba ganguna aka raba 'yan amshi, daga baya duk su biyun aka daina kiransu. Ina gaya maka wannan ne don ku yara ne, kuma liƙin ranar biki yana da daɗin gani.

Shi kuma gado ba katanga ba ce da ta hana wani shiga. Mamman Shata na Musawa bai gaji waƙa ba, haye ya yi, mahaifinsa ma bai so ba, amma har ya rasu a 1999 babu wanda ya kama ƙafarsa a kalangu. Taubasanka na wajen gwaggonka da ba su fito daga tsatson ganga ta wajen uba ba, babu mai hana su.

Maganar kunya kuwa, ba zan rufe ka ba. Mutanenmu suna son kiɗa, amma da yawansu ba sa son haɗa zuri'a da makaɗi. Mutum zai yi rawa da gangarka da rana, ya ba ka riga, in ɗanka ya nemi 'yarsa ya ce ba ya ba maroƙi. Shi ya sa gidajen makaɗa suka riƙa aure a tsakaninsu. Mahaifinka ya sha gori a makaranta tun yana ƙarami, ana kiransa ɗan maroƙi, kuma abin ya zauna masa a rai. Da ya girma ya samu aiki a birni sai ya rufe wannan ƙofa don kada ku ɗanɗana abin da ya ɗanɗana. Kada ka riƙe shi da wannan, ƙauna ce ta sa shi. Ni dai ra'ayina dabam ne, kuma ya sani. Mutumin da ya wuni a rana yana bin manoma har tafin hannunsa ya yi kanta, ya ci guminsa. Ban ga abin sunkuyar da kai a nan ba.

Abin da ya ɓata wa sana'ar suna yana nan, kuma makaɗan kirki da kansu sun ƙi shi. Akwai masu tsare mutum a bainar jama'a da naci har sai ya ba da abin da bai yi niyya ba don gudun zambo. Akwai masu yabon azzalumi saboda aljihunsa, da masu zagin wanda ya hana su har da iyayensa. Kakanka ya hana mu wannan da babbar murya. Yakan ce a yabi mutum da abin da ya aikata, in babu abin yabo a kaɗa masa takensa a wuce. Ban taɓa jin ya ambaci uwar wani a waƙa ba. In har za ku ɗauki gangarsa, to da wannan sharaɗi za ku ɗauke ta.

Ta fuskar addini, malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kuma kai ka fi ni kusa da masu karatu, ka tambaye su. Abin da na ji daga malamai tun ina yaro shi ne an yi sauƙi ga buga mandiri a ranar aure da ranar idi, har akwai hadisin da Nana A'isha ta ruwaito na 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakinta ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ƙyale su. A gidanmu dai da an kira salla ake kife ganga, kuma ba a yarda da cakuɗuwar maza da mata ko batsa a waƙa ba.

Akwai kuma wani kiɗan 'yan uwa da ka manta da shi, wanda ba sai gidan gado ba. Kowane gidan Bahaushe yana da shi, a hannun mata. In suna daka su uku a turmi ɗaya sai ka ji lugude, taɓarya tana tashi sama ana tafi kafin a cafe. Akwai waƙar niƙa, da ta daɓe in za a gyara ɗakin amarya, da ta rarrashin jariri. 'Yan mata suna gaɗa a dandali da farin wata, suna buga shantu a cinya a ɗakin amarya. Ranar suna ko biki kuwa a kife ƙwarya a cikin ruwa a babban masaki, a kife wasu a ƙasa, a yi ta kaɗawa ana amada. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, wannan kiɗan na cikin gida ta fito da shi duniya ta sani. Gwaggon nan taka da ta ba ka labari, in ta zauna gaban ƙwarya babu mai tashi. Ban san dalilin da ya sa kuke neman kiɗa a nesa ba alhali tana raye. Yanzu an koma ɗauko mai na'ura da manyan sifiku ya cika unguwa da ƙara, matan gida suna zaune ba su da abin yi sai kallo, kuma wannan yana damuna fiye da yadda zan iya faɗa maka.

To, game da bikin ƙanwarka. Al'ada ba ta hana ba, amma tana da tsari. Da farko ka nemi izinin mahaifinka, kuma kada ka tare shi kai tsaye a gaban mutane. Ka biyo ta wurina ko ta wurin gwaggonka, mu za mu san yadda za mu shigar masa da maganar. In ya ce a'a, ka haƙura, biki ba zai ƙare a kan wannan ba. In ya yarda, kada ku sa ran zai zo ya zauna yana kallo. Uban amarya ba ya zama wurin kiɗan bikin 'yarsa, mahaifiyarku ma za ta yi kawaici, musamman da yake kai ne ɗanta na fari. Ba ƙi ba ne, alkunya ce. Waɗanda filin yake nasu su ne kakanni da taubasai, don su ne abokan wasa. Kakarka tana iya shiga ta taka, ta tsokane ka, ka tsokane ta a waƙa, kowa ya yi dariya. Amma ba ka kama sunan mahaifinka ko na baffanninka a waƙa, ba ka yi wa surukai habaici ko da wasa, kuma dangin ango baƙi ne, sai dai a yi musu maraba.

Batun kuɗi, a gidanmu ba ma roƙon dangi. In kakanka ya yi kiɗa a bikin ɗan uwa, gudummawarsa ke nan. Abin da aka liƙa muku kada ku raba a tsakaninku, ku tattara ku kai wa amarya ta ƙara a kayan ɗaki. Ku kuma zaɓi shugaba guda tun yanzu, wanda in ya ɗaga hannu kowa zai tsaya. Ba lallai ya zama kai ba don kai ka kawo shawara. Wanda ya fi ku kunne shi za a ba, ko da shi ne ƙaraminku, sauran ku yi masa amshi da zuciya ɗaya.

Gangar kakanka tana nan a wurina, kangon lafiya lau yake, fatar ce kawai ta mutu. Akwai wani dattijo a ƙauyen da ke gaba da mu da har yanzu yake ɗaurin ganga, ya san kakanka, kuma ya tsufa sosai, saboda haka kada ku yi jinkiri. Ku zo hutun ƙaramar salla kai da taubasan naka, ku zo da niyyar kwana. Zan kai ku wurinsa ku ga yadda ake ɗaure ta da idonku, in koya muku taken gidanmu da na sarkin noman garin nan, iyakar abin da hannuna ke iya tunawa. Kai da kazagi za ka fara.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka da ƙannenka. Ka ce wa amarya baffanta yana sa mata albarka, Allah ya ba su zaman lafiya.